Amsa ga Hajiya kan tim ɗin ninƙayar yara na unguwa a Amurka

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya raya zuri'a. Na ga tambayarki, cewa kun tare a sabon gida a yankin Fairfax na jihar Bajiniya, maƙwabciyarki ta dame ki da maganar ki saka yaranki biyu a tim ɗin ninƙaya na unguwa, kuma ranar Asabar da sassafe kin ji ihu da kiɗa da hon ɗin motoci kamar ana kai amarya, shine kike son sanin wai meye wannan abun, daga ina ya samo asali, kuma ya dace da yaranmu ko kuwa. Toh ni dai bazara 11 na yi a bakin ruwan nan, na fara da riƙe agogo, daga baya na yi kwas na zama alƙalin da ke duba salon iyo da juyi, yarana uku duk ta nan suka bi, don haka bari in faɗa miki abinda na sani, ki yi haƙuri da tsawon.

Abu na farko da ya kamata ki gane, wannan wurin wankan da kike gani a unguwarku, wanda su ke ce wa ful, yawanci ba na gwamnati bane. Na mutanen unguwa ne. A shekarun 1950, bayan yaƙin duniya na biyu, mutane suka riƙa barin cikin birni suna komawa sababbin unguwanni na bayan gari, gidaje dubbai, yara kamar ƙasa, ga zafin Yuli na yankin Washinton mai haɗe da gumi, kuma babu wurin wanka ko ɗaya. Sai iyalai suka riƙa haɗa kuɗi kamar adashi, kowane gida ya sayi hannun jari ɗaya, a sayi fili a haƙa a gina, a zaɓi kwamiti daga cikinsu. Shi yasa har yau wasu wuraren sai kin shiga layin jira, wani layin ma shekaru ake yi kafin a kira mutum. Kuma ki lura da lokacin, allurar shan-inna ta Salk ta fito 1955, kafin nan iyaye tsoron wuraren wanka suke yi da bazara saboda cutar, har rufe su ake yi idan ta ɓarke. Da tsoron ya ragu kuma ga ruwa ga yara, ai sai gasa. Lig ɗin yankinku, wato ƙungiyar da ke shirya gasar tsakanin tim-tim ɗin unguwannin Arewacin Bajiniya, NVSL, an kafa ta 1956, ta maƙwabta a gundumar Montgomery ta Merilan, MCSL, ta biyo baya ba da jimawa ba. Yau NVSL na da tim sama da 100 a rukuni 17, shida-shida, tana cikin mafi girma a ƙasar gaba ɗaya.

Amma akwai ɓangaren tarihin da maƙwabciyarki ba lallai ta faɗa miki ba, ba don mugunta ba, da yawansu su ma basu sani ba. Kafin waɗannan na unguwa, birane ne ke da manyan wuraren wanka na gwamnati, a bazarar 1936 kaɗai birnin New York ya buɗe guda 11 manya-manya da kuɗin shirin samar da aikin yi na zamanin shugaban ƙasa Roosevelt. Sai dai a wurare da yawa baƙar fata ba ya shiga, wani wuri doka ce ta hana, wani wuri duka ne ya hana. A watan Yuni 1949 da birnin St. Louis ya buɗe wurin wankan Fairground ga baƙaƙe, dubban Turawa suka taru aka yi tarzoma aka ji wa mutane ciwo, a wannan watan dai aka yi rikici irinsa a Anacostia cikin Washinton. Da kotuna suka fara tilasta a cakuɗa, sai wasu biranen suka gwammace su rufe, Jackson ta Mississippi ta rufe 4 cikin 5 nata, na biyar ɗin ta bar wa ƙungiyar matasan Kirista ta YMCA, kuma a 1971 Kotun Ƙoli ta ce da ƙuri'a 5 da 4 birnin bai karya tsarin mulki ba. Toh kin ga, wurin wankan da 'yan unguwa suka mallaka da kuɗinsu, kwamiti ne ke cewa wane ya shiga wane kar ya shiga, ya zama mafita ga masu gudun cakuɗa. Ba zan ce duk wanda ya haɗa kuɗi a lokacin da wannan niyyar ya haɗa ba, wasu kawai yaransu suke so su samu wurin sanyaya jiki, amma sakamakon dai ɗaya ne, ruwan ya zama na farare.

Kuma wannan magana a ƙofar gidanki aka yi ta. Little Hunting Park wurin wanka ne a nan gundumar Fairfax. Wani Bature mai suna Paul Sullivan ya ba wani baƙar fata, T. R. Freeman, hayar gidansa, ya haɗa masa da hannun jarin wurin wankan kamar yadda dokar ƙungiyar ta yarda, kwamiti ya ƙi amincewa, da Sullivan ya tada jijiyar wuya sai shi ma suka kore shi. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1969 ta ba Sullivan da Freeman gaskiya, kuma abin mamaki da wata tsohuwar doka ta 1866 ta kafa hujja, wadda aka yi bayan yaƙin basasa. A 1973 aka sake irinta da wurin wankan Wheaton-Haven a Silver Spring ta Merilan, inda aka hana wani likita baƙar fata da ya sayi gida a unguwar zama mamba, aka kuma hana wasu mambobin shigo da baƙuwarsu baƙar fata, nan ma kotu ta ce ba a isa ba. Su kuma baƙaƙen da suka gaji da roƙo wasu gina nasu suka yi, Nile Swim Club a Yeadon kusa da Philadelphia ya buɗe 1959 bayan an ƙi karɓarsu a na Turawa, kuma a 1971 Jim Ellis ya kafa tim ɗin PDR a cikin Philadelphia da yaran unguwannin baƙaƙe har suka riƙa zuwa gasar ƙasa.

Dalilin da yasa na daɗe a kan wannan, tabon bai warke ba. Uwar da aka hana shiga ruwa ba ta iya ba, tsoro take ji, sai ta hana 'yarta, haka ake gado. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce yara baƙaƙe 'yan shekara 10 zuwa 14 suna nutsewa a wuraren wanka fiye da ninki 7 na farare, kuma ga yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a ƙasar nan babu abinda ya fi nutsewa kashe su. Mu ɗin ma da namu tsoron muka zo, ni dai na sha bulala akan zuwa kududdufi ina yaro, kuma iyon da na iya a can na kare ne, kai sama ana ta bugun ruwa. Yaranmu a nan kuwa ko mun so ko mun ƙi sai sun haɗu da ruwa, fatin ranar haihuwar aboki, tafiyar makaranta, otal, tafki. Cullen Jones, baƙar fata ɗan wasan iyo da ya ci zinare a Olamfik ta Beijing 2008, saura kaɗan ya mutu a wurin wasan ruwa yana ɗan shekara 5, bayan nan ne mahaifiyarsa ta kai shi koyo. Don haka idan kin tambaye ni, amsata a saka su, tun kafin ma mu zo maganar al'adu.

Toh yanzu yadda abun yake tafiya. Ana buɗe wuraren wanka a hutun Memorial Day, Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, atisaye ya fara da yamma bayan makaranta, ruwan a lokacin sanyi kamar ƙanƙara yara na fitowa leɓe ya yi shuɗi, idan an yi hutu sai a koma safe. Gaba ɗaya kakar wata biyu ce, farkon Agusta an gama. Ana raba yara bisa shekaru, 8 zuwa ƙasa, 9-10, 11-12, 13-14, sai 15-18, kuma shekarun da yaro yake da su ranar 1 ga Yuni su ne nasa har ƙarshen kaka ko da ya ƙara shekara a tsakiya. Salo huɗu ne, na rub-da-ciki da suke kira firi, na rigingine, na kwaɗo, sai bataflai, wanda shi ne auta, sai 1952 aka ware shi daga na kwaɗo ya zama salo mai zaman kansa. Ƙanana tsawon ruwa ɗaya suke yi, mita 25, manya su je su dawo, 50.

Asabar biyar a jere kowane tim yana karawa da sauran biyar na rukuninsa, ƙarfe 9 na safe ake farawa, shine ihun da kika ji. Kowane tsere tim ya saka yara uku, na ɗaya maki 5, na biyu 3, na uku 1, tseren karɓa-karɓa kuwa wanda ya ci ya kwashe 5, ɗayan ya tashi a tutar babu, jimilla maki 420, don haka duk wanda ya kai 211 ya ci. Yaro ɗaya ba ya wuce tsere biyu na kansa, kuma wannan dokar ita ce hikimar abun a ganina, don tim ba zai ci da tauraro ɗaya ba, sau da yawa yarinya 'yar shekara 7 da ta zo ta uku da maki ɗaya tilo ita ce ke raba gardama. Ƙarshen kaka ana sake jera tim-tim, wanda ya yi ƙoƙari ya hau, wanda ya sha kashi ya sauka, kusan kamar ƙwallon Ingila. A rukuni na ɗaya akwai tsofaffin abokan hamayya irin su Overlee da Chesterbrook da Tuckahoe, waɗannan kam abun nasu ya wuce wasa, amma a rukuni na 12 ko na 15 ma wallahi ihun ɗaya ne.

Kada ki damu idan ba a saka naki ranar Asabar ba, mafi sauri uku ake ɗauka. Akwai gasar Litinin da yamma wadda kowa ke shiga, ba a ƙirga maki, lokacinka kawai ake rubutawa, kuma ni a nan na fi jin daɗi. Za ki ga ɗan shekara 5 ya kama igiyar layi a tsakiya yana hutawa, koci na tafiya a gefe yana lallashinsa, mutum ɗari biyu sun miƙe suna kiran sunansa har ya taɓa bango. Ɗana na tsakiya haka ya fara, minti ɗaya da wani abu ya yi a mita 25, yana fitowa abinda ya tambaya shine ina alewarsa.

Al'adun kuma, kowane tim da nasa amma suna kama da juna. Kowanne da sunan dabba ko kifi da kalarsa da waƙoƙinsa na zuga, wasu waƙoƙin tun iyayen yaran suna yara ake rera su ba wanda ya san wa ya ƙirƙira. Juma'a da yamma akwai taron zuga, a ci taliya a yi fosta a yi wa motoci fenti, Asabar idan wasan waje ne a jera motoci a tafi tare ana hon. Kowane mako da irin shigar da ake yi, yau kayan 'yan fashin teku gobe kowa da kala ɗaya, koci-kocin su ne kan gaba wajen shirme. Za ki ga an rubuta wa yara lambobi a hannu da alƙalamin maka, lambar tsere da zubi, wato kashin yaran da za su shiga ruwa tare, da layi ne don kar su manta, a bayansu kuma a rubuta tsokana, wadda aka fi yi ma'anarta wai na baya ya sha kumfar ƙafata. Makar nan sai ta yi kwana uku bata fita ba, ki shirya. Ana haɗa babban yaro da ƙarami, babban ya raka shi wurin jiran tsere ya kawo masa 'yar tsaraba, ana ba da ribon ga wanda ya zo na ɗaya a zubinsa da wanda ya rage lokacinsa ko da shi ne na ƙarshe, idan an ci wasa a tura koci cikin ruwa da kayansa. Wasan gida na ƙarshe ana karrama 'yan 18 masu barin tim, a karanta tarihinsu a lasifika, wasu shekara 12 ko 13 suka yi, iyaye na ta hawaye. Sai gasar rukuni, sai ta zakarun lig gaba ɗaya, sai walimar rufewa inda ake ba kowane yaro lambar yabo ta barkwanci da aka zana akan farantin takarda.

Amma wanda ya fi taɓa ni shine tseren ƙarshe na Asabar, karɓa-karɓa na cakuɗa shekaru, yara huɗu daga rukunin shekaru daban-daban a tim ɗaya. Sai ki ga saurayi ɗan 18 mai gemu, wanda wata jami'a ta riga ta ɗauka don iyo, ya durƙusa yana gyara wa ɗan 10 tabarau yana ce masa kar ka ji tsoro. Ban san wani wasan yara a ƙasar nan da ake haɗa ɗan firamare da ɗan ajin ƙarshe na sakandare, maza da mata, a tim ɗaya maki ɗaya ba. Koci-kocin ma yawanci tsofaffin 'yan tim ne da suka dawo hutu daga jami'a. Katie Ledecky da kike ji, mai zinare 9 a Olamfik, a irin wannan ta fara tana shekara 6, tim ɗin Palisades Porpoises na MCSL, kafin ta je Landan 2012 ta ci mita 800 tana shekara 15. Amma dan Allah kar ki shiga da wannan lissafin, cikin dubban yara ɗaya ce, kuma iyayen da suke zuwa da agogonsu suna yi wa ɗan shekara 8 faɗa a mota su ne suke kashe wa yara sha'awa, na ga da yawa sun daina a 12.

Yanzu ga inda ke za ki shigo, don ba a ajiye yaro a ƙofa a tafi. Ban da koci da masu tsaron ruwa babu wanda ake biya, gayya ce zalla. Kowane layi mutum uku ne ke riƙe agogo, a ɗauki lokacin tsakiya a watsar da na sama da na ƙasa, layi shida kin ga mutum 18 kenan tun ba a zo kan alƙalin wasa da mai tayar da tsere da masu duba salo da masu jera yara da masu rubuta maki da masu sayar da abinci ba, wasa ɗaya sai ya ci iyaye wajen 40. Mu alƙalai farar riga da wando ruwan bula muke sawa, aikinmu kuma ba daɗi, a na kwaɗo da bataflai dole hannu biyu su taɓa bango lokaci ɗaya, a na rigingine dole a ƙarasa a rigingine, idan yaro ya saɓa sai in ɗaga hannu a soke tserensa, di-kiyu suke cewa. Na taɓa soke 'yar maƙwabcina da muke gaisawa kullum, uban ya yi mako biyu yana ɗaure min fuska. Ƙa'idarmu dai abinda ido ya gani kawai ake hukuntawa, idan akwai shakka yaro ke cin riba. Ki gaya wa naki tun yanzu kusan kowa sai an soke shi a na kwaɗo shekarar farko, ba abin kuka bane.

Kuma a wannan aikin ne ake sanin mutane. Shekara biyu na yi a unguwarmu ban san sunan kowa ba sai ɗaga hannu daga mota, da na tsaya awa uku da agogo tsakanin mutum biyu sai ga hira, ta nan na samu mai gyaran rufin gida, ta nan babbar 'yata ta samu aikin hutu. A 2015 azumi ya faɗo tsakiyar kaka, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli, ina tsaye a rana ba ruwa, wata tsohuwa da ke kula da jadawali ta lura da kanta ta mayar da ni teburin maki a inuwa har aka yi salla. Ba zan ɓoye miki ba akwai kuma ranar da wani a ƙofar wani wurin da muka je wasan waje ya tambaye ni ko direba ne ni, da farar rigata da komai. Duka biyun suna nan.

Maganar sutura, na san ita ce a ranki ko da baki rubuta ba. Akwai kayan iyo masu rufe hannu da ƙafa, kuma dokokin hukumar iyo ta Amurka, USA Swimming, sun ba da damar neman izini saboda addini, don haka ki samu wakilin tim tun kafin wasan farko ki faɗa masa, shi zai sanar da lig da alƙalin wasa, kar a bari sai yarinya ta hau bakin ruwa ana gardama a kanta. Maza akwai wando mai kaiwa gwiwa, shi ma yawancinsu suke sawa. Wannan hukunci ne na gidanku ke da maigida, na san iyalan da 'ya'yansu mata suka yi har 18 a rufe, na san waɗanda suka tsaya a 11 bayan yarinya ta iya ruwa sosai, ban ga laifin kowa ba. Idan tana da kitso ko gashi mai yawa hular roba ta gama-gari ba za ta zauna ba, ki nemi babba irin ta Soul Cap, wadda hukumar iyo ta duniya ta ƙi yarda da ita kafin gasar Tokyo a 2021 sannan ta amince a 2022, kuma a wanke gashin da ruwan famfo kafin shiga da bayan fita saboda sinadarin kulorin yana busar da shi. Abincin kanti kuma ki sa ido, tsiran-Turawa da fiza da naman karin safe sau da yawa akwai alade, wasu alewoyin masu danƙo ma haka, mu dai kula muke cikawa daga gida, kuma shekarar da uwargida ta kai fanke taron Juma'a ko minti goma bai yi ba.

Idan yaran basu iya komai ba tukuna, tim na Asabar ba zai ɗauke su kai tsaye ba, yawanci sai yaro ya iya tsallake tsawon ruwa ɗaya ba tare da ya kama komai ba. Amma kusan kowane tim yana da ajin ƙanana na share fage, ki tambayi wannan, idan kuma layin jiran zama mamba ya yi tsawo ki fara da darasi a cibiyoyin motsa jiki na gunduma, suna da ruwan cikin ɗaki duk shekara, ki kuma rubuta sunanku a layin yau ɗin nan ba sai bazara ta zo ba. Rajista yawanci tun Maris ko Afrilu ake buɗewa. Ki saya musu tabarau biyu-biyu don ɗaya sai ya ɓata a makon farko, ki rubuta suna a jikin tawul, kuma idan aka ji tsawa za a fitar da kowa daga ruwa na minti 30, kar ki ɗauka an tashi ki tafi da su gida. A takardar aikin iyaye ki zaɓi riƙe agogo, ba ya buƙatar kwas, minti goma za a nuna miki kafin a fara, ki dai sa takalmin da ba kya jin ƙyashin ya jiƙe.